Yadda Ake Ziyartar Keɓantaccen Bakin Teku a Tsibiri, a Kuma Dawo Lafiya

A tsibiran yankunan zafi na duniya, irin na tekun Indiya da Pasifik da Karibiyan, har yanzu akwai gaɓoɓin teku da ba a gina komai a kansu ba. Babu titin da ya kai can, babu otal, babu famfo ko makewayi, babu mai sayar da ruwa, babu kuma jami'in ceto da ke lura da masu iyo. Wannan rashin shi ne abin da ke jan mutane zuwa wurin, kuma shi ne ke sa ƙaramar matsala ta girma, domin targaɗen da a cikin gari bai wuce a ɗaure shi da bandeji ba, a can yana iya hana mutum fita kafin ruwa ya rufe hanya. Saboda haka shawarar da na fi ba wa muhimmanci ita ce a fara shirin tafiyar daga dawowa. Ka tsayar da lokacin da za ka bar wurin, da hanyar da za ka bi, da mutumin da zai neme ka idan bai gan ka ba, sa'annan ka ɗora sauran shirin a kan waɗannan.

Lokacin shekara shi ne abin dubawa na farko. Hotunan da ake gani a intanet kusan duk an ɗauke su ne a watannin da iska ta kwanta, kuma gaɓar da ta fito lumui a hoto tana iya zama wurin da jirgi ba zai iya kusanta ba bayan wata uku. A tekun Andaman, yamma da ƙasar Tailan, iskar damina tana kaɗawa daga wajen Mayu zuwa Oktoba, har hukuma kan rufe tsibiran Similan daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba kowace shekara. A Karibiyan lokacin mahaukaciyar guguwa yana farawa ranar 1 ga Yuni ya ƙare ranar 30 ga Nuwamba, a kudancin Pasifik kuwa, wajen Fiji da Vanuatu, daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. A tsibirin Kauai na Hawai akwai gaɓar Hanakapiai, wadda sai an yi tafiyar ƙafa ta kimanin kilomita 3 ake isa gare ta. A tsakiyar shekara yashi ne shimfiɗe a can, amma da hunturu manyan igiyoyin ruwa kan kwashe yashin su bar duwatsu, kuma mutane da yawa sun nutse a wurin. Ka bincika kuma wane gefen tsibirin gaɓar take, domin gefen da ke fuskantar iska ya fi taguwa da shara, gefen da tsibirin ya kare kuwa ya fi natsuwa, kuma a wasu wuraren gefunan kan yi musanya idan iska ta juya.

Rashin gini a wuri ba ya nufin wurin ba shi da mai shi. A Fiji mafi yawan ƙasa mallakar dangogin 'yan asalin tsibiran ce, kuma baƙon da ke son shiga yankin wani ƙauye yakan fara gabatar da kansa ga shugaban ƙauyen ya nemi izini. A tsibiran Bijagos na Gini Bisau akwai tsibirin Poilao, wanda mutanen yankin ke ɗauka wuri mai alfarma, yana kuma cikin gandun da gwamnati ta keɓe saboda kunkurun teku. Akwai inda haramcin ya kai matuƙa: Indiya ta hana kowa kusantar tsibirin Sentinel ta Arewa, kuma wani Ba'amurke da ya keta dokar a watan Nuwamba 2018 ya rasa ransa a can. Yawancin wurare ba su kai haka ba, abin da ake bukata bai wuce takardar izini daga ofishin gandu ko ɗan kuɗin shiga da ake biyan al'umma ba. Ka biya da zuciya ɗaya. Wanda ka nemi izininsa shi ne kuma zai gaya maka inda ba a shiga ruwa da inda hanya ta zabtare, abin da babu taswirar da za ta nuna maka, da ma da ɗan gari akan ci gari.

Abin da baƙon teku ya fi rainawa, kuma wanda ya fi ritsawa da shi, shi ne cika da janyewar ruwa. A mafi yawan gaɓoɓi ruwa yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu a kowane kwana, tsakanin cika ɗaya da ta gaba kimanin awa 12 da minti 25, saboda haka lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Wanda ya ga hanya a buɗe jiya da ƙarfe tara na safe bai kamata ya ɗauka haka za ta kasance jibi ba. Girman hawan ma yana bin wata: a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin cikarsa ruwa ya fi hawa kuma ya fi janyewa, a tsakaninsu kuwa bambancin yana raguwa. Wurare sun sha bamban ƙwarai. A yawancin Karibiyan bambancin bai kai rabin mita ba, amma a Zanzibar yana kai mita 3 zuwa 4, har teku kan janye nesa ta bar fili mai faɗi wanda mutum zai yi ta tafiya a kai ya manta cewa ƙasan teku yake takawa.

Ruwan ba ya hawa da gudu ɗaya, kuma a nan ne ake ruɗuwa. Matuƙan jirgi suna raba dukan hawan kashi goma sha biyu: a awa ta farko bayan ruwa ya gama janyewa kashi ɗaya ne ke hawa, a ta biyu kashi biyu, a ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, daga nan ya sassauta. A wurin da bambancin ya kai mita 3, ke nan a awa ta farko ruwan bai wuce santimita 25 ba, abin da mai zaune a yashi ba zai ma lura da shi ba, amma a awa ta uku kaɗai zai ƙaru da santimita 75. Gaɓoɓi masu yawa ana isa gare su ne ta hanyar zagaye gindin wani dutse da ya kutsa cikin teku, inda da safe ruwa yake iya idon sawu. Idan hanyarka irin wannan ce, ka samo jadawalin cika da janyewar ruwa na tashar jirgi mafi kusa, ka kwafe lokutan ranar a takarda, ka wuce dutsen tun ruwa yana kan janyewa, ka kuma tambayi masunta awa nawa hanyar ke zama a buɗe. Wanda ya makara sai dai ya jira janyewa ta gaba, wadda galibi cikin dare za ta zo, kuma jiran ya fi ƙoƙarin ratsawa a lokacin da igiyar ruwa ke dukan dutse.

Idan ta daji za ka bi, ka sa takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa, domin silifas ba ya jure laka da saiwoyi da duwatsun murjani masu kaifi. Ka sauke taswirar yankin a waya tun kana inda akwai intanet, tunda na'urar nuna wuri da ke cikin waya tana aiki da tauraron ɗan adam ko babu sabis, sai dai taswirar ce ba za ta buɗe ba idan ba a ajiye ta ba. Da zarar ka fito daga daji zuwa yashi, ka juya ka dubi bakin hanyar da kyau, ka ɗauki hotonsa, domin daga bakin ruwa duk itatuwan kamarsu ɗaya, kuma da yamma neman wannan 'yar kafa yana iya cinye hasken da ya rage.

Tafiya da kwale-kwale ta fi sauƙi ga jiki, amma ta ɗora dawowarka a hannun wani. Ku yi magana dalla-dalla da matuƙin kafin a tashi: zai jira ne ko zai tafi ya dawo, da ƙarfe nawa, kuma me za a yi idan teku ta tashi har ya kasa matsowa gaɓa. A ganina ya fi kyau a biya ƙarin kuɗi ya zauna, idan kuwa hakan bai yiwu ba, a ajiye wani kaso na kuɗin sai an dawo. Ka duba da idonka cewa akwai rigar hana nutsewa ga kowane mutum, har da daidai jikin yara, akwai anga da igiyarta, da filafili, da abin kwarfe ruwa. Ka tambayi batun mai, domin ƙa'idar masu jirgi ita ce kashi ɗaya cikin uku na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. A tsibirai da yawa teku ta fi kwanciya da safe, iska kan taso bayan rana ta take, don haka dawowa kan fi zuwa wuya. Matuƙin da ya dubi sama ya ce yau ba za a je ba ya cancanci a saurare shi, kada a lallashe shi da ƙarin kuɗi. Wajen sauka kuma, ka jira ya ba da umarni, kada kuma ka tsaya tsakanin jirgin da tudu, domin taguwa ɗaya tana iya ɗaga jirgin ta maka shi a ƙafafunka.

Kafin ka tashi, ka bar wa wani amintacce a masaukinka bayani a rubuce: sunan gaɓar yadda mutanen wurin ke kiranta, hanyar da za ka bi, sunan jirgin da matuƙinsa, yawan mutanen da ke tare da kai, lokacin da kake sa ran dawowa, da lokacin da idan ya wuce sai a fara nema. Wannan lokaci na ƙarshe shi ne ake yawan mantawa, kuma idan babu shi mutane kan yi ta jira suna kyautata zato har gari ya waye. Kada ka tafi kai kaɗai. Idan wurin yana da nisa sosai, akwai ƙaramar na'urar neman agaji da ke aika saƙo ta tauraron ɗan adam a kan zangon megahaz 406, ana yi mata rajista da sunan mai ita, a jirgi kuwa tasha ta 16 ta rediyon teku ita ce ta neman ɗauki a duk duniya. Usur da ƙaramin madubi da tocila ba su da nauyi, kuma suna jawo hankalin jirgin da ke wucewa fiye da ihu.

A cikin kaya, ruwan sha ne ke gaba da komai. Ga wuni guda a cikin zafi, lita 4 ga kowane mutum ita ce mafi ƙaranci da zan ba da shawara, a ƙara idan akwai doguwar tafiyar ƙafa, a kuma ware wani abu da ba za a taɓa ba sai an kama hanyar dawowa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, fiye da abin da ƙoda za ta iya fitarwa, shi ya sa shansa ke ƙara ƙishirwa. Ƙoramar da ke gangarowa daga daji tana iya zama garai-garai amma tana ɗauke da ƙwayar cutar da ke fitowa daga fitsarin ɓeraye da aladun daji, wadda kan shiga jiki ta baki ko ta rauni, saboda haka sai an tafasa ruwanta aƙalla minti ɗaya. Kada ka dogara da kwakwa, domin hawa bishiyarta da fasa ta aiki ne na wanda ya saba, kuma sau da yawa bishiyoyin na wani ne. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na maido da ruwan jiki. Idan babu, ana haɗa shi da lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sauran kayan ba su da yawa: abincin da ba ya lalacewa a zafi, tamfol mara nauyi da igiya don yin inuwa, malafa, riga mai dogon hannu, tabarau, maganin sauro na shafawa, bandeji da maganin wanke rauni da matsefata, ƙaramar kwalbar ruwan khal, jaka mai hana ruwa shiga don waya da takardu, da buhun da za a dawo da shara a ciki.

Idan ka isa, kada ka yi gaggawar ajiye kaya. Ka taka daga bakin ruwa zuwa gindin itatuwa kana duban ƙasa, za ka ga wani layi da teku ta bari: busasshiyar ciyawar ruwa, guntayen itace da ruwa ya goge, fasassun kwanson halittun teku, marufan kwalabe, wani lokaci da takalmi ƙafa ɗaya. Ƙasa da layin yashi a daddale yake kuma santsi, sama da shi kuwa a sake yake, da sawun tsuntsaye da ramukan ƙaguwa. Layin nan shi ne iyakar da ruwa ya kai a cikarsa ta baya, kuma idan ka ga wani tsohon layi can sama da shi, to nan ne ruwa ke kaiwa a kwanakin babbar cika. Ka zauna sama da duka biyun. Idan layin ya manne da gindin dutse, gaɓar tana nutsewa gaba ɗaya ke nan, ba wurin daɗewa ba ne. Kada ka shimfiɗa a ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai 'ya'ya, ko a gindin gangaren da ka ga sababbin duwatsu sun zubo daga gare shi. A Karibiyan akwai bishiyar manchinil mai 'ya'ya kore ƙanana masu ƙamshi, wadda ƙaronta ke ƙona fata, har ruwan saman da ya ɗigo ta ganyenta yana sa bororo, hayaƙin itacenta kuma yana cutar da ido. A wuraren da jama'a ke zuwa akan shafa mata jan fenti, amma a keɓantacciyar gaɓa babu wanda ya shafa.

Batun shiga ruwa yana bukatar natsuwa fiye da komai, domin a nan ne aka fi rasa rai. Igiyoyin ruwa suna tara ruwa a gaɓa, ruwan kuma dole ya koma, sai ya nemi wata kafa tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi, ko gefen dutse, ko tsaga a jikin murjani, ya kwarara ta nan zuwa cikin teku. Wannan ruwa mai ja sau da yawa faɗinsa bai wuce mita 25 ba, amma gudunsa yana iya kai mita 2 da rabi a daƙiƙa, wanda ya fi gudun gwanayen iyo na duniya. Haɗarinsa shi ne ya fi ko'ina kama da wurin aminci. Ka hau wani tudu ka yi minti goma ko sha biyar kana kallo: inda igiyoyi ke fashewa da farin kumfa dama da hagu, amma a tsakiya akwai wani zirin da ya fi duhu kuma ya kwanta, ko ruwansa ya gurɓata da yashi, ko kumfa da ciyawa suna tafiya a kansa suna nisantar gaɓa, to wannan zirin shi ne abin gudu. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa kai tsaye, domin gajiya ce ke nutsar da mutum, ruwan ba ya ja zuwa ƙasa. Ya kwanta a bayansa ya huta, ya ɗaga hannu, sa'annan ya yi iyo a kaikaice, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga zirin, igiyoyi su taimaka masa komawa. Wanda ke tudu kuma ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarka ce rufaffiya, domin masu faɗawa ceto hannu sake sukan zama su ne gawa ta biyu. Wanda bai iya iyo sosai ba ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kuma a gaɓar da mutanen wurin ba sa shiga, baƙo ma ya haƙura da kallo.

Halittun teku ba sa neman mutum, yawancin raunuka daga takawa ne ko ɗauka. Ka sa takalmin ruwa, ka riƙa jan ƙafa a yashi maimakon ɗaga ta, don kifin nan mai faɗi mai ƙaya a wutsiya, wanda ke binne kansa a ruwa mara zurfi, ya ji motsi ya gudu. Idan shi ya soke ka, ko kifin dutse mai dafi, ko ƙayar bushiyar teku, ana tsoma wurin a ruwan zafi iya yadda fata za ta jure, kada ya wuce digiri 45, na tsawon minti 30 ko fiye, sa'annan a nemi asibiti. A arewacin Ostireliya da Filifin da tekun Tailan akwai jelifish, wata halittar ruwa mai taushin jiki da dogayen zarurruka masu dafi, mai siffar akwati, wanda harbinsa ke iya kisa cikin mintuna. Ana kwarara ruwan khal a wurin aƙalla daƙiƙa 30, ba a goge shi da yashi, ba a kuma wanke shi da ruwan sha. Dodon koɗi mai siffar mazurari da zane mai kyau a bayansa yana da dafi mai shanye jiki, kada a ɗauke shi ko a sa shi a aljihu. A arewacin Ostireliya da Papua Niyu Gini da tsibiran Solomon da Andaman, kadan ruwan gishiri yana zama a bakin koguna da fadamun gaɓa, kuma tambaya ɗaya ga masunta ta isa ta raba ka da shi. Idan ka kama kifi don gasawa, ka nuna wa ɗan wurin tukuna, domin wasu manyan kifayen murjani, irin su barakuda, suna tara wata guba da wuta ba ta kashewa.

Rana a yankunan zafi na duniya tana ƙona fata ko da akwai gajimare, iskar teku kuma tana ɓoye zafin har sai an makara. Ta fi ƙarfi daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma, kuma duhun fata yana rage ƙunar ne kawai, ba ya hana ta, ba ya kuma kare ido. Tufa da inuwa sun fi man kariya amfani, amma idan za ka shafa, ka sabunta shi duk bayan awa biyu da bayan fitowa daga ruwa, ka kuma duba abin da ke cikinsa, domin Palau tun 2020 da Hawai tun 2021 sun hana wasu nau'o'in da ake ganin suna cutar da murjani. Idan abokin tafiya ya fara tangaɗi ko magana ba kan gado, ka kai shi inuwa nan take, ka jiƙa jikinsa gaba ɗaya, ka yi ta yi masa fifita, ka nemi agaji. Idan ka ji tsawa, ka fita daga ruwa ka bar filin yashi, kada ka koma sai bayan minti 30 da jin ta ƙarshe.

Akwai abu guda da ba kasafai yake faruwa ba, amma wanda ke wurin da babu jiniyar gargaɗi dole ya san shi, wato tsunami, babbar igiyar teku da girgizar ƙasa kan tayar. Idan ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko ta daɗe tana girgiza, ko teku ta janye farat ɗaya fiye da ƙima har kifi ya rage a yashi, ko ka ji ruri daga cikin teku, ka bar kaya ka nufi tudu nan take, ka zauna can awoyi, domin igiyar tsunami ta farko ba lallai ce mafi girma ba. Tsunamin 26 ga Disamba 2004 ya kashe kimanin mutum 230,000 a ƙasashen da ke kewaye da tekun Indiya, amma a tsibirin Simeulue na Indonesiya, duk da kusancinsa da inda girgizar ta auku, mutane kaɗan ƙwarai suka rasu, saboda tun bayan tsunamin 1907 iyaye suke koya wa 'ya'yansu su gudu kan tudu idan suka ga waɗannan alamu. Tun da ka iso, ka lura da inda tudu mafi kusa yake.

Wurin kansa yana da hakki a kanka, kuma ina ganin wannan bai gaza batun tsaron rai muhimmanci ba. Gaɓar Maya da ke tsibiran Phi Phi na Tailan keɓantacciya ce a da, sai jiragen 'yan yawon buɗe ido suka yi mata yawa har murjaninta ya lalace, aka rufe ta a watan Yuni 2018, ba a sake buɗewa ba sai Janairu 2022, da sharaɗin ba a iyo a cikinta. Duk abin da ka kawo ka koma da shi, har da ɓawon 'ya'yan itace da guntun sigari, idan buhun yana da sauran wuri ka ƙara da robobin da ka tarar. Za ka tarar da su kuwa, domin ko a tsibirin Henderson na kudancin Pasifik, inda babu mazauni ko ɗaya, wani binciken da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta guntayen shara kusan miliyan 38, galibinsu roba. Idan bukatar bayan gida ta kama, a yi nisan kimanin mita 60 daga ruwa, sama da layin cika, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe. Kada a taka murjani ko a jefa anga a kansa, domin halitta ce mai rai, kuma wasu nau'o'insa ba sa ƙaruwa fiye da santimita ɗaya ko biyu a shekara. Kwanson da ka gani a yashi gidan wata ƙaramar ƙaguwa ne ko zai zama, ban da haka yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta taƙaita fitar da murjani da manyan kwansuna da ƙoƙon kunkuru daga ƙasa zuwa ƙasa, ana kuma ƙwace su a filin jirgi.

Idan da safe ka ga wani sawu mai faɗi kamar na tayar tarakta ya fito daga ruwa ya haura yashi ya koma, kunkurun teku ce ta zo cikin dare ta yi ƙwai. A ƙarshen sawun za ka ga inda yashi ya hargitse, a ƙarƙashinsa akwai ƙwai wajen ɗari da za su yi kimanin wata biyu kafin su ƙyanƙyashe. Kada a kafa turke ko a hura wuta ko a zauna a wurin. Wanda ya sami izinin kwana ya kashe farar fitila, domin 'ya'yan kunkurun suna bin hasken sararin teku ne su sami ruwa, tocila ko wutar itace kuwa tana karkatar da su zuwa daji.

A yankunan nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida ko kusa da haka duk shekara, kuma duhu yana rufewa cikin abin da bai kai rabin awa ba. Da la'asar sakaliya kuma ƙyashi da sauro ke fitowa daga ciyayin gaɓa. Ka lissafa tsawon tafiyar zuwa, ka ƙara rabinta saboda gajiya, ka ƙara awa guda ta ko-ta-kwana, ka cire jimillar daga lokacin faɗuwar rana, ka kwatanta da lokacin da ruwa zai rufe hanya, wanda ya riga zuwa a cikin biyun shi ne lokacin tashinka. Ka sa ƙararrawa a waya, domin a irin wannan wuri ba a jin wucewar lokaci. Da ka isa masauki, ka sanar da wanda ka bar wa saƙo don kada a fita nemanka a banza. Ka wanke duk wani ƙujewa da sabulu da ruwa mai tsabta, musamman na murjani, wanda ke saurin ruruwa ko da ƙarami ne. Idan zazzaɓi ya kama ka a cikin makonnin da suka biyo baya, ka gaya wa likita tsibirin da ka je, da ko ka shiga ruwan ƙorama, da ko sauro ya cije ka.